Facin Adawiyya, Sunan Malam Sahabi

Waɗanda suka ƙera manhajar da ofishin kiwo na Belbeji ke rubuta allurar dabbobi da ita mutanen kirki ne, amma ba su taɓa ganin saniyar aro ba. A wurinsu kowace saniya mai ita ɗaya ne, kuma a garkensa take kwana. Adawiyya, wadda ta shekara shida tana bin ruga-ruga da sirinji da akwatin ƙanƙara a bayan moto, wato babur, ta san ba haka abin yake ba a ƙasar Damargu. Bafulatani yakan ɗauki karsana ya ba abokinsa da ba shi da komai, ya riƙe ta har ta haihu sau uku. 'Ya'yan na mai riƙo ne, uwar kuma ta koma gidan mai ita. Habbanaye suke ce wa wannan, kuma da shi mutane da yawa da fari ya share wa garke suka sake farfaɗowa. Sai ga wayar ofis tana tambayar Adawiyya suna ɗaya tak. In ta sa na mai ita, mai riƙo ba shi da takarda. In ta sa na mai riƙo, ta yi wa mai ita ƙwace da hannunta.

Ta kai kuka wurin shef ɗinta, wato shugaban ofishin, har ya gaji da ganinta a bakin ƙofa. Rannan ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Adawiyya, wa kike so in rubuta wa? Abin nan ba na kamfani ba ne, kyauta muka same shi. An ce rubutun cikinsa a buɗe yake, duk wanda ya iya ya gyara. In kin iya, bismilla." Ya faɗa ne don ta tafi ta bar shi ya sha shayinsa. Ita kuwa ta ɗauki maganar da gaske, wanda shi ne babban aibinta tun tana ƙarama.

A Tanut akwai Malam Sahabi, malamin lissafi a wata makaranta, wanda ya taɓa yin wata shida a Yamai yana koyon rubutun kwamfuta, ya dawo ya buɗe aji ranar Asabar ga duk mai so. Adawiyya takan shiga motar kasuwa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ta sha rairayi da girgiza, ta sauka gidan gwaggonta, da safe ta tafi aji. Kwamfuta biyar ne a ɗakin, uku ke tashi. Su goma sha ɗaya suka fara. Kafin damina ta faɗi sun koma uku: ita, da Aghali, wani Buzu magidanci mai gyaran waya a bakin tasha, da wani bawan Allah da ke zuwa don ya sa wayarsa caji.

"Ku ɗauka rumbu ne," in ji Malam Sahabi ranar farko. "Rumbun gari, ƙofarsa a buɗe, kowa na iya ɗiba. In ka ga inda ya tsage, ka yi masa faci daidai wurin, ka tura. Akwai masu kula da rumbun. Su duba, in ya yi su liƙa, in bai yi ba su maido maka abinka. Kuma kowane faci da sunan mai shi yake shiga, ba ya goguwa."

Rumbu dai yaɓe ake masa, ba faci ba, amma ba wanda ya gyara wa Malam.

Babbar mai kula da rumbun wata mata ce a Tunis, sunanta Fa'iza, mai amsa da Faransanci gajere kamar ana cajinta kuɗin kowane harafi. Aghali ne ya fara gwada ta. Ya ga wata kalma da harafi ɗaya ya faɗi a shafin farko na manhajar, ya maido harafin, sannan ya rubuta wasiƙar rakiya mai layi goma sha huɗu, yana gaida Fa'iza da maigidanta da yara da gajiya da zafin gari. Ta amsa masa da hoton babban yatsa, ta liƙa. Aghali ya yi kwana uku yana jin an raina shi, sannan ya gane an karɓa. Daga nan bai tsaya ba. Duk inda waƙafi ya karkace, Aghali na wurin. Cikin wata biyu sunansa ya bayyana sau tara a rumbun, kuma yakan nuna wa masu kawo gyaran waya ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Adawiyya ba ta tura komai ba. Ita habbanaye ta zo gyarawa, kuma wannan ba aikin waƙafi ba ne. Sai da ta koyi yadda manhajar ke ɗaure saniya da mai ita, ta kwance ɗaurin, ta yi wa kowace dabba gurbi biyu, na mai ita da na mai riƙo, ta kuma koya wa na'urar cewa ɗan da aka haifa a hannun mai riƙo nasa ne. Wata huɗu ta yi a kai. A Belbeji takan zauna gindin itacen bedi a bayan ofis lokacin hutun rana, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi kamawa, da tsohuwar kwamfutar ofis a cinya, tana gwadawa yana rushewa, tana sake gwadawa. Sau biyu ta rantse ta bari. Ranar da abin ya yi aiki ba kowa kusa sai wata akuya, ita ta gaya wa.

Asabar ta gaba ta nuna wa Malam Sahabi. Ya daɗe yana kallon allon, yana gangarawa yana hawa, kuma duk mai ido zai ga tun daga tsakiya ɗalibar ta wuce shi. Ya gwada da saniya ɗaya, ya gwada da goma, abin ya tsaya daram.

"Kai, madalla," in ji shi. "Buɗe kont ɗinki, asusu mai sunanki a rumbun, ki tura yanzu."

"A'a Malam, ni wa? Kai za ka tura. Aikin ajinka ne."

A nan sai an san gidan da ta fito. Mahaifinta baduku ne a Damagaram, kuma a rumfarsa ta tashi tana ganin yadda ake koyon sana'a. Mai koyo yakan shekara bakwai yana ɗinka jaka da takalmi, wani lokaci ya fi maigidan kyan hannu, amma in mai saye ya tambaya aikin wa ne, sunan maigida ake faɗa. Wanda ya buɗe baki ya ce "ni na yi" ya nuna ba shi da tarbiyya, kuma labarin zai riga shi zuwa kowace rumfa. Sai ranar da maigida da kansa ya kira mutane, ya ɗaga aikin, ya ce na wane ne, ya isa. Haka nan a gidansu ba a karɓar abu da tayin farko. A ƙi sau ɗaya, a ƙi sau biyu, mai bayarwa ya nace, a na uku a miƙa hannu.

"Ke kika sha wahalarsa fa," in ji Malam Sahabi. "Ki tura da sunanki."

"Haba Malam. Da ba ka koya mini ba, ina zan san hanya?"

Ta sunkuyar da kai tana jiran na uku. Ta ma riga ta zaɓi sunan da za ta sa wa kont ɗin tun a mota.

Malam Sahabi ya dubi allon, ya ce, "To, shi ke nan. Tunda kin ce haka."

Shi ma ɗan ƙasar nan ne, ya san ana yin na uku. Adawiyya ta san ya sani. Ta tsaya a bayansa tana kallo ya kwafe aikin zuwa kwamfutarsa, ya rubuta layi biyu na bayani, wanda ita ta gaya masa abin da zai rubuta, ya tura. Aghali ya buɗe baki zai yi magana, ta harare shi, ya rufe.

Wannan karon Fa'iza ba ta amsa da yatsa ba. Ta rubuta kusan rabin shafi. Ta ce shekara uku ma'aikata daga ƙasashe huɗu suna kuka da wannan matsala ba wanda ya iya bayyana ta, balle ya gyara. Ta liƙa facin, ta kuma ba Malam Sahabi makullin wannan sashe na rumbun, wato daga ranar duk wanda zai taɓa maganar mallakar dabba sai ya bi ta hannunsa. Aka sa sunansa a shafin godiya. Aka gayyace shi taro a Yamai, ya tafi da sabuwar shadda, ya dawo da hoto.

Da farko Adawiyya ta yi murna da gaske, kada a yi mata ƙarya. Ta shiga ruga da wayar ofis, ta rubuta mai ita, ta rubuta mai riƙo, takarda ta fito da suna biyu, tsofaffi suka jinjina kai. Sauran kuwa ta bar wa lokaci. Ta ce a ranta Malam yana jiran ranar da ta dace ne, zai rubuta wa Fa'iza ya ce ga mai aikin. Ta jira ya dawo daga Yamai. Ta jira a yi hutu, ta jira a koma. A aji ya rage haɗa ido da ita, in ta yi tambaya sai ya ce Aghali ya duba mata. Sannu a hankali murnar ta tsuke, abin da ya rage ya zama wani ɗaci da take jin sa duk lokacin da ta buɗe wayar ofis, wato sau hamsin a rana.

Bayan kaka, saura mako biyar a fara babbar allurar shekara, wani makiyayi mai suna Hamidu ya zo ofis. Ta san shi. Fari ya bar shi da sanda kawai, wani abokinsa ya ba shi saniya, ta haifa masa uku, ya mai da ita kwanan baya kamar yadda ake yi, Adawiyya da kanta ta rubuta komawar a waya. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya gaishe ta har ƙarshen gaisuwa, sannan ya zaro takarda daga aljihu.

"Likita, na kai ɗan bijimina kasuwa, ina so in sayi hatsi. Dillali ya sa aka buga takardarsa, ya ce ba sunana ba ne a kai. Sunan abokina ne. Ya tambaye ni a gaban mutane inda na samo shi."

Ta karɓa ta duba. Nan take ta ga abin da ya faru. Lokacin da ta rubuta facin ta yi tunanin ba da saniya da haihuwarta, ba ta yi tunanin ranar komawa da kyau ba. Da uwar ta koma sunan mai ita, sai na'urar ta ja 'ya'yan duka uku suka bi ta.

"Ni ban taɓa ɗaukar ko igiyar wani ba," in ji Hamidu, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Yanzu har yarana sun ji."

Ta gyara masa takardar da hannu, ta buga hatimi, ta bi shi har kasuwa ta yi wa dillalin bayani a gaban waɗanda suka rage. Amma waɗanda suka ji zargin da safe sun riga sun watse da shi. Kuma ta san Hamidu na farko ne kawai. A babbar allura za a rubuta komawar shanu ɗaruruwa, daga nan har garin Gangara, kuma kowane mai riƙo zai wayi gari 'ya'yan shanunsa na wani ne.

Kwana huɗu ta yi ta gyara kuskuren. Wannan karon ba ta nemi kowa ba. Ta buɗe kont da sunanta, Adawiyya Usman, ta tura facin, ta rubuta bayani gajere yadda ta ga Fa'iza na so. Da ta danna, ta ji wani daɗi mai kama da na wanda ya shiga gidansa bayan doguwar tafiya.

Fa'iza ta amsa washegari. Ta yi mata maraba a matsayin sabuwa, sannan ta kira mai makulli: "Sahabi, wannan sashenka ne. Ta ce kuskure ne 'ya'ya su bi uwa in ta koma. Da gangan ka tsara haka, ko tana da gaskiya?"

Komai a rumbun a fili ake rubuta shi, duk duniya na iya karantawa. Malam Sahabi ya yi mako biyu bai ce uffan ba. Adawiyya ta kira wayarsa, ba ya ɗauka. Ranar ta goma sha biyar amsarsa ta fito, layi ɗaya: yadda ya rubuta shi daidai yake da al'adar makiyayan yankin. Fa'iza ta gode wa Adawiyya da ƙoƙarinta, ta ce a wannan fanni dole su bi wanda ya san ƙasar, ta rufe facin.

Adawiyya ta karanta a gindin bedi. Ba ta yi kuka ba, haushi ya hana. Mutumin da bai taɓa kama kunnen maraƙi ba, shi ne ya san ƙasar. Ta fara rubuta wa Fa'iza gaskiya duka, daga wata huɗun har ranar Asabar ɗin nan. Ta kai rabi ta tsaya. Wace shaida take da ita? Rumbun ya ce Sahabi, da rana da sa'a. Kuma ko an yarda da ita, ta tsaya ke nan a gaban mutanen ƙasashe ta tuɓe wa malaminta rawani. Ta ji muryar mahaifinta tana tambayar wa ya haife ta. Ta goge.

A saman rumbun kuwa akwai sanarwa: ranar Juma'a za a rufe karɓar gyara, a fitar da sabon zubin manhajar da za a yi babbar allura da shi. Facin sabon shiga yakan yi makonni a layi. Na mai makulli yakan shiga a yini ɗaya.

Ranar Laraba ta nemi izini ta tafi Tanut. Ta tarar da shi a ɗakin kwamfuta bayan an tashi yara, shi kaɗai, yana cin gyaɗa. Da ya gan ta ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya hau gaisuwa mai tsawo don ya jinkirta abin da ke tafe. Ta amsa masa duka, sannan ta ba shi labarin Hamidu.

"Subhanallahi," in ji shi. Ya zauna. "Wallai ban san haka abin yake ba."

"Na rubuta a bayanin, Malam."

"Na karanta. Ban gane facin ba, Adawiyya. Na yi kwana da kwanaki ina dubawa. In na ce kina da gaskiya, matar nan za ta tambaye ni ta yaya, kuma ba ni da amsa. Shi ya sa na ce abin da na ce."

"To yanzu ka rubuta ka ce ka sake dubawa, a buɗe nawa."

Ya murza ɓawon gyaɗa tsakanin yatsunsa. "In na yi haka, na ce wa duniya ɗalibar wata tara ta fi ni sanin aikina. Za su fara tambaya. A Yamai na tsaya gaban mutum ɗari na yi bayanin abin nan. Shugaban makarantarmu ya manna hoton a ofishinsa." Ya ɗago ido karo na farko. "Kuma ki tuna, ni na ce ki tura da sunanki. Sau biyu na faɗa. Ke kika ƙi."

Wannan ce ta fi yi mata ciwo, don gaskiya ce. Ta so ta ce masa ya san ana yin na uku. Amma wannan magana ba a faɗarta. Wanda ya ce "da ka sake tayi da na karɓa" ya zubar da mutuncin da ya sa ya ƙi tun farko.

"Ga abin da za mu yi," in ji Malam Sahabi, ya rage murya ko da yake ba kowa. "Ki kawo gyaran in tura ta kont ɗina. In ce na zagaya ruga na sami ƙarin bayani. Yau zai shiga. Sai dai kada ya yi kama da wanda aka rufe, za ta gane. Ki ɗan sake masa fasali."

Ta dube shi. Ba mugu ba ne, kuma wannan ma abin haushi ne, don da mugu ne da ta san abin da za ta yi da shi. Mutum ne da aka ɗora wa rigar da ta fi shi, ya ji daɗinta, yanzu yana tsoron sanyi. Ta tuna Hamidu tsugune a bakin ƙofa yana cewa har yaransa sun ji. Ta lissafa kwanaki, Laraba, Alhamis, Juma'a. Ko ta fasa ƙwai yau, kafin Fa'iza ta bincika ta yanke hukunci an rufe rumbu, an fita allura da kuskuren.

Ya tashi ya ba ta kujerarsa.

Ta zauna gaban kwamfutarsa, sunansa a saman allon. Sa'a biyu ta yi tana ɓad da kamar aikinta, tana sauya sunayen abubuwa, tana juya tsarin, yadda ɓarayin shanu ke ƙone tambarin saniya su ɗora wani. Abin takaici, da yake ta yi mako uku tana juya matsalar a kanta, na biyun ya fito ya fi na farko kyau. Ta ƙara masa gwaji da zai kama kuskuren in ya sake dawowa. Ta rubuta bayanin da bakin Malam, har da cewa ya zauna da wani makiyayi mai suna Hamidu. Malam Sahabi ya fita ya yi sallar la'asar, ya dawo, ya sayo mata ruwan leda mai sanyi ya ajiye a gefenta. Ba ta taɓa ba.

"Na gama," in ji ta.

"Ki danna kawai."

Ta danna.

Ta ce za ta tafi, ya ce ta ɗan jira su ga ko za a yi tambaya, don in an yi ita ce mai amsa. Suka zauna, fanka na juyawa. Ba a yi minti arba'in ba kwamfutar ta yi ƙara. Malam Sahabi ya matso ya fara karantawa a fili, yana fassarawa kamar yadda ya saba a aji, ko da yake ta fi shi Faransanci.

"Ta ce madalla, Sahabi. Ta ce wannan shi ne amfanin mutumin da ke zuwa ruga da ƙafarsa. Ta ce ta liƙa, zai fita ranar Juma'a. Ta ce..."

Ya tsaya. Ya kai hannu zai gangara da shafin, amma ta riga ta karanta sauran. Fa'iza ta ce sabuwar nan da ta turo faci kwanaki, Adawiyya, ta hango wani abu ko da yake ba ta kai ga fahimtar tsarin ba, kuma da alama tana da himma. Mata ba su da yawa a rumbun, ba ta so ta karaya. In suna kusa, ya taimaka ya zaunar da ita ta karanta facinsa na farko layi-layi, babu abin da zai fi shi koya mata yadda ake aiki mai kyau. Zai iya?

Adawiyya ta sake karanta layin. Ta daɗe tana son matar nan ta ambaci sunanta, ga shi ta ambata.

Malam Sahabi ya kasa dubanta. Ya share zufa da hularsa, ya ce a hankali, "Tana jiran amsa. Me zan ce mata?"

Adawiyya ta jawo allon rubutun gabanta. Ta rubuta da sunansa, "To, zan koya mata," ta tura.